Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Mako Biyu da Turaren Delilah a Zangon Kumasi

Ranar wata Laraba bayan La'asar jerin kayan lefe ya shigo wayata ta WhatsApp. Ƙanina ne zai yi aure, kuma tunda ciwon ƙafa ya hana mahaifiyarmu yawon kasuwa, ni babbar yaya aka ɗora wa sayayya. Amarya ce ta rubuto abin da take so, shi kuma angon ya turo mini ko karantawa bai yi ba. Na bi jerin da ido ina lissafi a zuci: atamfofi, leshi, shadda, mayafai, takalma da jakunkuna, man shafawa, sabulai. Duk waɗannan na san inda zan same su a Kejetia da Adum. Sai can ƙasa na ga an rubuta DELINA da manyan baƙaƙe, har da alamar zuciya biyu a gefe.

Ni dai na ɗauka sunan wani leshi ne sabon yayi. Da na tambayi 'yata ta fari, wadda TikTok bai bar mata abin da ba ta sani ba, sai ta fashe da dariya ta ce, "Mama, turare ne fa. Kuma kuɗinsa ya kusa saya wa Kawu sabon keken ɗinki."

Ba ta yi ƙarya ba. Delina turaren mata ne na kamfanin Parfums de Marly da ke Faransa, wanda Julien Sprecher ya kafa a 2009. An fito da shi a 2017, kuma wani gwanin haɗa ƙamshi mai suna Quentin Bisch ne ya haɗa shi. Kwalbarsa ruwan hoda ce, mililita 75, kuma a Turai da Amurka kuɗinta ya haura dala 300. Ko a lokacin da sidi ya ɗan farfaɗo, wannan ya wuce sidi 3,000, kafin ma mai kawowa ya ɗora kuɗin jirgi da ribarsa. Ƙanina tela ne a Aboabo. Yana da hannu, Alhamdulillahi, amma aikinsa na gaban Sallah ne, kuma ga mai gidan haya ya tsaya kai da fata sai an ba shi kuɗin shekara biyu a dunƙule, duk da dokar haya ta ƙasar nan ta 1963 wata shida ta ce.

Wanda bai taɓa zama a wurin buɗen lefe a Zango ba zai ce, to a tsallake layin mana, mene ne a ciki? Ba haka abin yake ba. Ranar da aka kai akwatuna, matan dangi da na unguwa za su kewaye su, a ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya ana shela. Akwai tsofaffin da ke juya bakin atamfa su karanta rubutun gefe, su murza ta da yatsa, wata ma har ta ɗanɗana da harshe, don a gane Holan ce, ko GTP, ko Hitarget. Abin da aka gani ranar nan, kafin Magariba ya kai Asawase da Sabon Zango da Akwatia Line, kuma zai bi yarinya har ɗakinta. Yanzu 'yan mata sun ƙara da ɗaukar bidiyo. Saboda haka turaren da amarya ta nema da suna ba ƙaramin layi ba ne.

Na fara da Adum, inda shagunan turare masu gilashi suke. Shago biyu suka ce babu amma za a iya sa a kawo daga Akra. Na uku ya ce akwai, ya faɗi kuɗin da ya yi araha har ya ba ni tsoro, na yi godiya na fito. A sabuwar kasuwar Kejetia ne, a bene, wani saurayi ɗan Zango mai ɗan ƙaramin shago ya saurare ni har na gama, ya juya ya ɗauko wani kwali ruwan hoda ya ajiye a gabana.

"Anti, ga shi nan. Delilah. Shi ne dai, suna kawai aka canza. Duka amare wannan suke ɗauka."

Na ce, "Ɗana, in shi ne, me ya sa aka canza masa suna?"

Ya yi murmushi ya ce, "Anti, ki shaƙa tukuna."

Ya fesa mini a bayan hannu. Gaskiya ƙamshin ya yi mini daɗi tun a nan. Kwalba mililita 100, muka daidaita a sidi 280. Da na koma gida na faɗa wa mahaifiyarmu, sai ta riƙe baki ta ce, "Miliyan biyu da dubu ɗari takwas a kan ruwan ƙamshi?" Ita har yau da tsohon kuɗi take lissafi, kamar ba a yanke sifili huɗu ba tun 2007. Ban yi gigin gaya mata kuɗin na asalin ba.

Wannan kwalba ta farko ba ta lefe ba ce, tawa ce. Na ce sai na gwada a jikina kafin in sa a akwatin 'yar mutane.

Delilah na kamfanin Maison Alhambra ne, wani reshe na Lattafa da ke Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Duk mai shiga kasuwar turare a 'yan shekarun nan ya san Lattafa, ko don Yara, mai kwalba ruwan hoda da ya cika ɗakunan 'yan mata daga Kano har Kumasi. Maison Alhambra kuwa sana'arsa a bayyane take: ya dubi turaren da ya yi suna a Turai, ya haɗa mai kama da shi, ya ba shi suna mai kama, ya sayar da araha. Ba shi kaɗai ba ne. Armaf, shi ma na Dubai, ya yi suna ne da Club de Nuit, wanda na mazan ake kwatanta shi da Aventus na Creed, na matan kuma da Coco Mademoiselle na Chanel.

A nan akwai bambancin da mutane da yawa ba su yi, kuma shi ne ya kusa jefa ni rami daga baya. Turaren kwaikwayo daban, jabu daban. Mai kwaikwayo yana rubuta sunansa da adireshinsa a kwali, bai ce miki shi ne Parfums de Marly ba. Mai jabu kuwa sunan wani yake sata ya liƙa a kan abin da shi kaɗai ya san me ya zuba.

To ta yaya ake kwaikwayon ƙamshi? Akwai na'ura a ɗakunan gwaji da ke rarrabe ruwan turare ta nuna sinadaran da ke ciki da gwargwadon kowanne. Daga nan sai gwanin hanci ya zauna ya sake haɗawa, inda sinadari ya yi tsada ya nemo mai araha da ya yi kusa da shi. Man wardi na ainihi, irin wanda ake tatsa a Isparta ta ƙasar Turkiyya ko a Ɗa'ifa da alhazanmu suka sani, sai an tara fure tan uku zuwa huɗu kafin a sami kilo ɗaya. Kin ga dalilin tsadarsa, kin kuma ga inda mai neman araha zai fara ragewa. Sauran tsadar ta kwalba ce, da talla, da hayar shago a manyan titunan Faris, da sunan kansa.

Ko a Turai ba a gama daidaitawa kan wa ya mallaki ƙamshi ba. A watan Yunin 2006, cikin mako guda, babbar kotun Faransa ta ce ƙamshin turare ba ya cikin abin da dokar haƙƙin mallakar fasaha ke karewa, ita kuma babbar kotun Holan ta ce yana ciki, a shari'ar da Lancôme ya kai wani kamfani da ya kwaikwayi turarensa Trésor. A 2009 kotun Tarayyar Turai, a shari'ar L'Oréal da Bellure, ta hana masu kwaikwayo yin talla da jerin da ke cewa namu kaza daidai yake da nasu kaza. Shi ya sa ba za ki ga sunan Delina a kwalin Delilah ba. 'Yan TikTok da masu shago ne ke yi musu wannan aikin kyauta.

Ni kam ba na cikin masu ƙyamar kwaikwayo don kwaikwayo ne. Ita kanta atamfar Holan da muke rantsuwa da ita, kamfanin Vlisco da aka kafa a 1846 ya fara ta ne da kwaikwayon rinin batik na mutanen Jaba a Indunusiya. Yau ita ce ta asali, Hitarget ce 'yar kwaikwayo. Tambayata ɗaya ce: abin da na biya sidi 280 a kansa, ya yi aikin sidi 280? Kuma da gaske ne shi ne, suna kawai aka canza?

Sa'ar da na yi, 'yar goggona da ke aure a Hambug ta zo gida hutu, irin waɗanda muke kira boga, kuma a cikin jakarta akwai Delina na gaske da mijinta ya saya mata a filin jirgi. Ta ba ni aro na kwana uku, da gargaɗin da ya fi na mai ba da aron zinare.

Ranar farko na yi yadda masu sharhin turare a intanet ke cewa: fesa biyu a wuyan hannun dama na Delina, biyu a hagu na Delilah, da ƙarfe bakwai na safe. Azahar na yi na yi alwala, gwaji ya bi ruwa. Na zauna ina yi wa kaina dariya. Waɗannan masu cewa turare ya kwana a wuyan hannunsu ba su wanke hannu har gwiwa sau biyar a rana. Washegari na mayar da gwajin saman damtse, kusa da kafaɗa, na kuma fesa wa mayafai biyu iri ɗaya na rataye su a ɗakuna daban.

A minti na farko ba su yi kama ba. Delilah ya buɗe da kaifin sinadarin da ake narka turare a ciki, wanda ke hawa hanci kamar an buɗe kwalbar maganin asibiti, sai da na ba shi kamar minti biyu ya lafa. Delina kuwa tun fesawar farko wani tsami mai sanyi ya taso, irin na sobolo da ba a cika wa sukari ba. Wannan tsamin na wani tsiro ne na ƙasashen sanyi da ake kira rubab, haɗe da lici, ɗan itacen ƙasar Sin mai ruwa-ruwa da zaƙi. Delilah ma yana da su, amma nasa sobolon an riga an zuba sukari.

Daga minti ashirin zuwa kamar awa biyu, a nan ne mai shagon Kejetia ya yi gaskiya. Wardi ya fito a duka biyun, mai laushi, mai ɗan ruwa, ba irin wardin tsofaffin kwalabe mai nauyi ba. Na zagaya gidanmu na sa mata shida su shaƙa ba tare da na gaya musu wane ne wane ba. Huɗu suka ce ai abu ɗaya ne, ina wahalar da su. Ɗaya ta ce na hagu ya fi daɗi don ya fi zaƙi. Ta shidan, wata dattijuwa da ta yi shekaru tana sayar da turaren wuta, ta shaƙi dama, ta shaƙi hagu, ta koma dama, ta ce, "Wannan yana da gindi. Wancan sama kawai gare shi." Ba ta taɓa jin sunan ko ɗaya ba.

Abin da ta ji tun da hantsi, ni sai da rana ta take na gane shi. Kowane turare hawa uku ne: wanda ke tashi da farko ya gudu, na tsakiya da ke zama 'yan awoyi, sai na gindi da ke manne wa fata. Da tsakar rana Delilah ya sauka kan banila da farin miski, ya zama zaƙi mai santsi, kamar ƙamshin jikin wadda ta yi wanka da sabulu mai kyau ta shafa hoda. Ba laifi, yana da daɗi, amma ya daina magana, abu ɗaya yake ta maimaitawa. Delina a wannan lokacin wardinsa na nan, tsaminsa bai mutu ba, kuma daga ƙasa wani ɗumi na itace da ɗan hayaƙi ya fara tasowa. Bayan La'asar sai na kafa hanci a damtse kafin in ji Delilah. Delina har na kwanta yana nan.

A mayafi labarin ya canza. Yadi ba ya gumi, ba ya cinye turare. Mayafin Delilah ya riƙe ƙamshi har kwana biyu, kuma a yadin tsamin ya fi daɗewa, zaƙin bai danne shi da wuri ba. Tun daga ranar na daina fesa shi a fata, sai a tufafi, daga ɗan nesa don kada ya yi tabo a farin yadi.

Sai maganar zafi. An haɗa irin waɗannan turaruka ne ana tunanin mace a ofis mai na'urar sanyi. Kumasi kuwa a damina iska kanta jiƙe take, gumi ba ya bushewa, kuma duk ƙamshi mai zaƙi yana kumbura a irin wannan yanayi. Rana ta biyar na yi ganganci na fesa huɗu na shiga trotro daga Aboabo zuwa Kejetia. Muka maƙale a cunkoso, tagogi biyu ba su buɗuwa. Wata tsohuwa 'yar Asante da ke bayana ta tambayi yaron mota, da ƙarfi yadda kowa zai ji, wa ya fasa kwalbar alewa a motar nan. Na sunkuyar da kai kamar ba na jin Twi. Ni kaina kafin mu sauka kaina ya fara sarawa. Biyu sun isa, kuma in rana ta yi zafi ɗaya ma ta isa. Ga kuma abin da malamanmu suka daɗe suna faɗa game da mace ta fita da ƙamshin da ke riga ta isa wuri. Wannan turare, a awa biyun farko, yana riga mutum isa. Masu tambaya ko akwai alkohol a ciki, e akwai, kamar kusan duk turaren fesawa. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa, kowa ta tambayi wanda take bi.

Abin da ya fi burge ni a gwajin nan bisa kuskure na gano shi. Ranar Juma'a na turara kayana a kan kasko kamar kullum, da turaren wuta irin na Barebari da ake kawo mana daga Maiduguri, na shafa 'yar humra a wuya, sannan na tuna ban yi gwajin ranar ba, na fesa Delilah sau biyu a kan rigar. Da 'yar goggona ta shigo da yamma karɓar kwalbarta, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, ba na ce ki riƙa yi mini a hankali da shi ba?" Ta ɗauka nata na fesa. Gindin da dattijuwar nan ta ce babu, hayaƙin sandal da miskin humra sun ba shi. Ashe abin da Bafaranshen ya sa a ƙasan kwalbarsa, itace da hayaƙin turare, muna da shi a kasko tun kakanni. Kakata har ta rasu ba ta san turaren fesawa ba. Bintu Sudan ne nata, wannan ƙaramar kwalba mai maiƙo da wani kamfanin Ingila ya fito da ita a 1920 kuma ake yin ta a Kano, tana zuba shi a haɗin humrarta, kuma in ta ba ka aron zane sai ka wanke sau biyu ƙamshin na nan.

Zuwa nan na gamsu zan sayi Delilah. Sai shaiɗan araha ya shiga. Ina fitowa daga kasuwa, kusa da tashar mota, wani yaro da tire ya tare ni da kwali iri ɗaya sak, sidi 90. Na ce a raina, ashe ɗan benen nan ya yanke ni. Na saya, na kai gida ina murna, 'yata ta karɓe ta fesa a wuya kafin in ajiye jaka. Minti goma sha biyar ƙamshin ya ɓace, ya bar wani wari kamar na man goge farce. Da dare wuyanta ya yi ja ya fito da ƙananan ƙuraje, sai da muka je kemis. Kwana uku tana susa tana harara ta.

Wato kwaikwayon ma an yi masa jabu. Da na jera kwalayen biyu a hasken rana, bambancin bai ɓuya ba. Ledar da aka naɗe na tiren sakwa-sakwa take, an liƙe ta a karkace. Rubutun ya ɗan yi dishi-dishi, launin ya fi ɗaukar ido. Lambar da ake bugawa a gindin kwalba, wadda ya kamata ta dace da ta kwali, a nan babu ita sam. Bututun cikin ya yi tsawo har ya lanƙwashe, murfin ba shi da nauyi, kuma in an girgiza kumfar ta daɗe ba ta kwanta ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, FDA, ita ke da alhakin rajistar kayan kwalliya ƙarƙashin dokar lafiyar jama'a ta 2012, amma ba ta tsaye a kowace tasha. A jabun turare an sha samun sinadarin metanol, wanda guba ne. Shawarata ita ce ki saya a shagon da gobe za ki iya komawa ki same shi, ki sa a buɗe a gabanki, kuma in kuɗin ya faɗi ƙasa da rabin abin da sauran shaguna ke faɗa, ki ajiye ki wuce. Turaren da ya yini a tire cikin ranar Kumasi, ko na gaske ne ya riga ya dahu.

Saura babbar magana. Da na koma sayen na lefe, na tsaya a wani shago daban don in gwada farashi, na ba mai shagon labarin amarya da Delina. Ya duba hagu da dama, ya rage murya ya ce, "Hajiya, ina da kwalbar Delina ta gaske, babu komai ciki, har da kwalinta. Ki ƙara sidi 200 in ɗura miki da sirinji in naɗe. Wallahi ko ita amaryar ba za ta gane ba."

Ba zan yi ƙarya ba, na tsaya. Na hango ranar buɗen lefe, an ɗaga kwalin ana guɗa, 'yan mata na ɗaukar bidiyo, an ce dangin ango sun yi bajinta. Na ce masa zan yi shawara. Da na gaya wa goggonmu, ta ce, "Ke dai kin cika tsoro. Rufin asiri ne. Wa aka cuta? Ƙamshin ba ɗaya ba ne?" Na ce, "Goggo, na awa biyu ne ɗaya." Kuma yarinyar nan gidanmu za ta shigo ta zauna. Wata rana za ta je biki ta haɗu da mai na gaske, ko ta ɗora a intanet wani ya ce mata lambar kwalbar ba ta yi ba. Ranar nan ba mai shago za ta tuna ba, ni za ta tuna, da ƙanina da bai san hawa ba bai san sauka ba. Daga nan kuma duk abin da ke cikin akwatunan sai ta fara shakkarsa, har da Holan ɗin da muka biya kuɗinta cif.

Sai na kira ta. Na ce ta zo gida ina son ganinta, ta zo da ƙawarta tana ta sunne kai. Na ajiye kwalabe biyun a gabanta na faɗa mata kuɗin kowanne, na faɗa mata abin da mai gidan haya ke nema. Ta yi shiru, can ta ce, "Wallahi Anti ban san haka kuɗinsa yake ba. Ni ban taɓa ma shaƙarsa ba, a waya na gani." Na fesa mata ɗaya a kowane gefen mayafi na ce ta je ta yini da su ta kira ni.

Ta kira bayan Isha'i. Na yi zaton za ta ce duk ɗaya ne don ta faranta mini. Sai ta ce, "Anti, gaskiya na daman ya fi. Amma a sa mini na hagun, in Allah ya buɗa masa daga baya ya saya mini." Wannan amsa ta fi yi mini daɗi fiye da in ta ce ɗaya ne.

Muka sa Delilah kwalba biyu a cikin kwalinsa da sunansa, da humra kwalba uku, da turaren wuta. 'Yar goggona, da labari ya kai mata, ta tsiyaya kaɗan daga nata Delina a 'yar ƙaramar kwalba ta ce a ba amarya na daren farko, amma kada a sa a akwati, a ba ta a hannu.

Ranar buɗen lefe abin da nake tsoro ya faru. Wata 'yar gayu daga dangin amarya ta ɗaga kwalin ta juya shi ta ce, "A'a, wannan ai ba Delina ba ne." Gabana ya faɗi. Kafin in buɗe baki, ƙanwar mahaifiyar amarya, wadda ke shelar kaya, ta ce, "Mun sani. Delilah ne, ita ta zaɓa da hancinta. Miƙo mini atamfar can." Aka wuce. An fi minti goma ana gardama a kan wani leshi ko na Siwizalan ne ko na Dubai.

An biya mai gida kuɗinsa, an ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Tawa kwalbar yanzu ta kai rabi. Na ajiye ta a cikin durowa inda rana ba ta kaiwa, ina jiran hunturu, don ina so in ji yadda zaƙin nan zai yi in iska ta bushe a watan Disamba. Ta tiren kuwa na zubar da ruwan a kwata, na fasa kwalbar da dutse kafin in jefa a shara, don akwai masu bi suna tsinta su sake cikawa.